Saura Ɗaya

Har yau, da zarar na yi sallama da masu saurare jar fitilar situdiyo ta mutu, sai na ɗaga kai na dubi gilashin da ya raba ni da ɗakin na'urori. Na san babu kowa a wurin sai mai haɗa sautin da ke bakin aiki, shi ma galibi hankalinsa na kan wayarsa. Duk da haka sai na duba. A daidai nan Hajiya take tsayawa, ta riƙe gefen mayafinta da hannu ɗaya, tana jira in fito ta faɗa mini abin da ya rage. Kewarta nake yi, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Gidan rediyonmu ƙarami ne, yana bayan garin Funtua, ba nisa da wani gidan gurzar auduga. Da kaka, idan manyan motoci suka jeru suna jiran a sauke musu kaya, har cikin situdiyo muke jin gurnaninsu, duk da soson da aka manna a bango. Ni daga wani ƙauye na wajen Malumfashi na fito. A gidanmu an san ni da baki, har mahaifiyata takan ce ko akuya ce ta tsaya kusa da ni sai na ba ta labari. Saboda haka da na gama karatu na samu aikin rediyo, babu wanda ya yi mamaki. Aka ba ni shirin mata na bayan azahar, inda ake maganar adana hatsi, da kiwon awaki da kaji, da sana'o'in cikin gida irin su awara da ƙuli-ƙuli. Na so shirin nan kamar me. Maganar da na tashi ina ji ce a tsakar gidanmu.

Sai dai shugaban gidan na wancan lokaci, wanda kowa ke kira Manaja, mutum ne da ya yi imani ma'aikaci ba ya aiki sai cikinsa ya ɗuri ruwa. Rediyo yake ajiyewa a kan teburinsa, ya ƙure sauti, ya bar ƙofar ofis a buɗe don kowa ya san ana jin sa. Idan ka yi tuntuɓen harshe, kafin ka kai ƙarshen jimla za ka gan shi ya bayyana a bayan gilashi, ya harɗe hannuwa, wani lokaci ma ya buga gilashin da tafin hannu. Ragowar kuma sai taron safiyar Litinin, inda yake wanke mutum tas a gaban kowa. Wata rana tari ya sarƙe ni ina tsakiyar shiri. A taron da ya biyo baya sai ya miƙe tsaye ya kwaikwayi tarin nan nawa, ya maimaita, ya sake maimaitawa, mutane suna dariyar dole. Na daɗe ban yafe masa ba, kuma ko yanzu idan na tuna sai raina ya sosu.

Abin da tsoro ya yi mana shi ne ya mayar da mu ƙwararru wajen ɓoye kuskure. Injiniyanmu, wanda haifaffen Funtua ne amma iyayensa daga kudu suka zo suna sayar da kayan gyaran mota, yakan ga na'ura ta fara ba da matsala ya yi gum, domin wanda ya kai labarin lalacewa shi ake ɗora wa laifi. Ni kuma na koma rubuta kowace kalma, har da sallama da gaisuwa, ina karantawa da gudu don in gama kafin in yi kuskure. Ko numfashi ba na yarda in ja da kyau. Idan ina kan acaɓa na hango dogon ƙarfen gidan rediyon daga nesa, sai na ji kamar in ce wa mai acaɓar ya juya. Ni da nake ba akuya labari, na wayi gari ina tsoron muryata.

Kafin masu gidan su ɗauke Manaja su mayar da shi wata harkar tasu, sai da ya bar mini tsaraba. Ya ba su shawara a soke shirina a sa waƙoƙi da gaishe-gaishe a madadinsa, wai babu mai saurare tunda ba a cika bugo waya ba. Masu gidan suka ce a bar wa sabon shugaba, ya duba zuwa ƙarshen kaka ya yanke hukunci. Kowa a gidan ya san da maganar, har mai gadi ya fara gaishe ni da muryar jaje.

Sabon shugaban sai ta kasance mace. Hajiya 'yar asalin Maska ce, ta yi shekaru tana aikin rediyo a Kaduna, ta dawo gida bayan rasuwar maigidanta. Gajeriya ce, ba ta da ƙiba, muryarta kuma ƙasa-ƙasa, sai ka matso kake jin ta. Abu na farko da ta yi shi ne ta sa aka ɗauke rediyon nan daga teburin ofis. Injiniya ya tambaye ta ina za a kai, ta ce, "Ka ba mai gadi. Ba a ofis ake jin rediyo ba." Daga nan ta yi shiru na wani lokaci, tana shiga tana fita, ba ta yaba ba ta kushe. Shirun nan ya fi tsawar Manaja ba mu tsoro, domin shi aƙalla mun san ta inda yake ɓullowa.

Sannu a hankali muka gane yadda take aiki. Takan sa a naɗi shirin mutum tun da wuri, sannan a lokacin da za a sa shi, ta ɗauki mai shirin a tsohuwar motar gidan su tafi inda mutane ke saurare, su zauna kamar baƙi, ba a faɗa wa kowa ko su wane ne ba. Mai karanta labarai ta kai shi teburin mai shayi a tasha. Mai shirin wasanni ta kai shi garejin makanikai. Kowannensu ya dawo jikinsa a sanyaye, ya ƙi faɗa mana abin da ya ji, amma bayan kwana biyu sai ka tarar da shi yana dariya shi kaɗai. Ina kallo ina jiran nawa.

Ranar tawa ta zo ana tsakiyar girbin masara. Hajiya ta leƙo ta ce, "Ƙanwata, ɗauko mayafinki, Tsiga za mu." Injiniya ne ya tuƙa mu. Hanya duk an baza masara a gefen titi tana shan rana, yana ta kaucewa yana mita. Da muka isa ya tsaya a zaure wurin maza, mu kuma muka shige cikin gidan, na wasu dangin ƙawar Hajiya. Kafin mu yi sallama ta riƙo hannuna ta ce, "Ki gaisa a hankali, kada ki ja magana. Yau kunne kika zo da shi." Ta gabatar da ni a matsayin ƙanwarta daga wajen Malumfashi, aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa da fura.

Matan gidan na zaune a inuwar rumbu suna ɓare masara, wasu na tankaɗe. Tsohuwar gidan, wadda duk suke kira Inna, tana tsakiya ta miƙe ƙafafu. Rediyonsu na rataye a ƙusa jikin rumbun, an ɗaure murfin batirinsa da roba. Na ja zangarniya na sa hannu a aikin, don in samu inda zan ajiye idona.

Da kiɗan ƙwaryar da ke buɗe shirin ya tashi, wata matashiya ta miƙe ta ƙara sauti, har tana kaɗa kai. Na ji daɗi a raina. Sai muryata ta shigo. Ban taɓa jin kaina a fili ba, tsakanin kukan kaji da ƙarar turmin maƙwabta. Na ji wata yarinya tana zuba magana kamar ana juye tsakuwa daga tifa, babu waƙafi babu aya. Kalmomin nawa ne, amma ban san mai faɗarsu ba.

Inna ta ɗaga kai ta dubi rediyon ta ce, "Wai ni ɗiyar nan mi ke korarta? Kullum sai ka ce an biyo ta da sanda."

Aka kwashe da dariya. Wata mai goyo ta ce, "Abin da take faɗi kuwa na da amfani, Inna, in mutum ya samu ya kama. Rannan ta fara maganar yadda ake gane masara ta bushe kafin a ɗura buhu. Kafin in aje tankaɗe in matso, wallahi ta wuce wajen awaki."

Matashiyar da ta ƙara sauti ta ce, "Ni ina ga tsoro take ji."

Inna ta ce, "Tsoron wa? Mu?" Ta girgiza kai ta ci gaba da ɓare masararta. Daga nan hira ta koma kan wani biki da za a yi, rediyon na ta surutunsa shi kaɗai a jikin rumbu har shirin ya ƙare. Ni kuwa na duƙufa kan masarar nan har babban yatsana ya yi bororo. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na gode mata.

A mota na cika na yi fam. Muna fita garin na kasa riƙewa, na ce, "Hajiya, da kin ce mini in ajiye aikin kawai. Ba sai kin kawo ni an yi mini dariya a gaban idona ba. Wancan ma da yake kwaikwayon tarina, a cikin ofis yake yi." Injiniya ya dube ni ta madubi, ya zaro ido. Ban taɓa yi wa shugaba magana haka ba, kuma na riga na saddaƙar aikin ya tafi.

Hajiya ta ce wa Injiniya ya tsaya wurin wani mai rake a bakin hanya, ta sa aka fere mana, muka zauna a gindin wata ɗorawa. Sai da ta sha gaɓa guda sannan ta ce, "Kin lura ba su murɗa tasha ba? Akwai gidajen da ke sa waƙa a wannan lokacin, amma ke suka bari. Kin ji mai goyon nan ta tuna maganar masara da kika yi tun rannan? Kin san abin da ya dame su, kin san lokacin da ya kamata a faɗe shi. Wannan ba a koya wa mutum shi a situdiyo, daga gida kika zo da abinki." Ta ci gaba da lissafo abubuwan da na yi daidai, ƙanana waɗanda ni kaina ban san an ji ba, har da yadda nake cewa sannunku da aiki a farkon shiri. Ina jira in ji ta ce amma, domin na san daga nan ake fara yanka.

Ta tofar da ɓawon rake ta ce, "Saura ɗaya. Idan kin faɗi abu mai muhimmanci, ki bar wa matar nan lokacin da za ta ajiye tankaɗe ta matso."

Na ce, "Shi ke nan?"

Ta ce, "Shi ke nan na yau."

Haushi ya sa na fara lissafa mata laifuffukana da kaina: ina haɗiye ƙarshen kalma, ina karatu kamar 'yar makaranta, ina katse baƙo. Ta ɗaga hannu ta ce, "Waɗannan na gobe ne. Mutum ba ya gyara abu goma a rana ɗaya, sai dai ya tsorata da su. Sha rakenki." Na sha raken ina hawaye, Injiniya ya juya baya yana duba tayar da babu abin da ya same ta.

Shirin da ya biyo baya kai tsaye na yi shi. Na fara a hankali, na faɗi jimla na tsaya. Shirun nan na ɗan lokaci ya yi mini tsawo har na ji kamar an kashe tashar. Tsoro ya taso, na fara gudu kamar yadda na saba. Sai na ga motsi a bayan gilashi, na ɗaga ido ina jiran bugu. Hajiya ce tsaye. Ta ɗaga hannuwanta biyu kamar tana riƙe da rariya, ta ɗan girgiza, sannan ta sunkuya a hankali ta ajiye ta a ƙasa, ta goge hannu a zaninta, ta matso. Babbar mace, shugabar gida guda, tana wasan tankaɗe a gaban ma'aikata. Da ƙyar na danne dariya, kuma a cikin danne dariyar ne na ja numfashin da na daɗe ban ja ba a situdiyo.

Tun daga ranar ya zama al'ada. Ina fitowa za ta faɗi abin da ya yi kyau, dalla-dalla, ba irin yabon nan na kin yi ƙoƙari ba. Sannan ta ce saura ɗaya. Wata rana ɗayan shi ne in daina magana da taro, in zaɓi mace guda a raina in yi magana da ita. Wata rana kuma in bar malamin gona ya kai ƙarshen bayaninsa ko da na san inda za shi. Ranar da ta ce in shiga ba tare da takarda ba, sai 'yan kalmomi a tafin hannu, na yi mata gardama sosai, ta saurare ni har na gama, ta ce to in gwada rabin shirin kawai. Ba kullum take yin daidai ba. Ta taɓa cewa in rage karin harshen ƙauyenmu, in bi Hausar da ake karanta labarai da ita. Na gwada mako guda, ta zo da kanta ta ce, "Wannan ɗayan na janye shi. Kin koma kamar kin aro bakin wani."

Kada a ɗauka Hajiya mai sanyin hali ce da komai ke wucewa a wurinta. Mai karanta sanarwa ya taɓa ambaton sunan ƙauyen da ba shi ba a sanarwar rasuwa, mutane suka yi ta zarya zuwa inda babu makoki. Ba ta tara mu ta yi masa tsawa ba. Ta kira shi ofis ta rufe ƙofa, da suka fito ta sa shi a mota suka tafi gidan mamacin tare, ya ba da haƙuri da bakinsa. Ya ce mana ya gwammace a dakatar da shi wata guda da wannan tafiyar, amma bai sake karanta sanarwa ba tare da ya tabbatar ba. Injiniya kuma ya koma kawo labarin matsalar na'ura tun tana ƙarama, har Hajiya ta fara tsokanarsa wai ya fi janareto ƙara.

Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne ɗayan nan ba ya ƙarewa. Duk yadda na yi shiri na fito ina jin kaina, sai ta samo shi. Wata rana na ce, "Hajiya, wai ni ba zan taɓa yin daidai ba ne? Ko sau ɗaya ki ce babu saura mana." Ta yi dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Ƙanwata, ranar da kika ji na ce babu saura, to ki sani na daina saurare." Na murguɗa baki na wuce, ina cewa a raina wata rana sai na ƙure ta.

Da kaka ta zo ƙarshe, lokacin da masu gidan ke jiran hukuncinta, ba ta kira taro ba. Ta ce a naɗi shirin, mu koma Tsiga. Muka tarar da matan suna gyaran waken suya. Kiɗan ƙwarya na tashi Inna ta ce, "Ku yi mani shiru, ɗiyata ta zo." Muryata ta shigo ta gaishe su, suka amsa wa rediyon kamar mutum ne ya yi sallama. A rediyon na faɗi yadda ake jera buhuna a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, na tsaya. A cikin shirun nan mai goyon ta ajiye faifanta, ta matso, ta ce, "Yawwa, ina jin ki." Daɗi ya sa na manta da dokar Hajiya. Da aka fara gardama kan maganin ƙwari bayan shirin, sai na tsoma baki na yi ta zuba, irin zubar da nake yi a tsakar gidanmu. Can na lura kowa ya yi tsit. Inna ta dubi rediyon, ta dube ni, ta riƙe haɓa.

Ta ce, "La ilaha illallahu. Ashe ke ce? Kika zauna nan rannan muna zaginki kina ɓare mana masara?" Matan suka yi ta salati suna dariya suna ba ni haƙuri. Inna ta jawo ni kusa da ita ta ce, "To faɗa mani, wa ya kore maki mai korar taki?" Na nuna mata Hajiya. Muka dawo da kaza da ƙullin daddawa. A hanya Hajiya ta ce shirin yana nan, za ta faɗa wa masu gidan da safe. Kafin in gama godiya ta ƙara da cewa saura ɗaya, wai na cika cewa wato.

Mun yi shekaru masu daɗi da ita. Sannan ciwon suga da hawan jini suka matsa mata, ta ajiye aiki ta koma Maska wurin ɗanta. A wajen lokacin ne kuma hanyoyin ƙauyuka suka fara ba da tsoro, aka daina fita da ma'aikata zaman saurare. Shugabannin da suka biyo bayanta mutanen kirki ne, babu mai buga gilashi, amma babu mai tsayawa a bayansa. Kowa sai ya ce kin yi ƙoƙari, masu bugo waya su yi ta sa albarka. Ina godiya, amma na san a cikin kowane shiri akwai ɗayan nan, yana nan, babu dai mai faɗa mini shi. Da farko nakan buga mata waya bayan shiri ta faɗa mini. Daga baya sai ɗanta ke ɗauka, ya ce tana hutawa.

Da na ji jikin ya yi tsanani, na naɗi shiri na musamman, na zuba duk abin da ta koya mini a cikinsa, na shirya tafiyata yadda lokacin sa shi zai same ni a wurinta. Mota ta kai ni wani wuri, acaɓa ya ƙarasa da ni. Na same ta kwance a ɗaki, ta rame har na tsorata, amma idanun nan suna nan. Ta gane ni, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata." Rediyo na kusa da matashinta. Surukarta ta kunna, ta ce mini a hankali, "Kullum in lokacinki ya yi sai ta sa an kunna. Sai dai kunnen ya tafi, Anti. Ciwon ya taɓa shi, yanzu sai an yi ihu take ɗan ji."

Muka zauna shirin na tafiya. Hajiya ta ɗora tafin hannunta a kan rediyon, idonta na kan fuskata, tana murmushi. Ni na ji kurakuraina da kunnena: na katse baƙuwar a wuri guda, na ce wato ya fi a ƙirga. Ina ta satar kallonta ko za ta ɗaga gira, ba ta ɗaga ba. Da kiɗan rufewa ya tashi ta ji shi a hannunta, ta matse yatsuna ta ce, "Ya yi kyau. Babu saura."

Shekara da shekaru ina jiran kalmar nan, da ta zo kuma na ji kamar an zare mini wani abu a ƙirji. Na sunkuya kusa da kunnenta na ce, "Hajiya, ki nemo mini ɗaya, ko ƙarami ne." Ba ta ji ba. Ta sake murmushi ta ce, "Babu saura, ƙanwata." Na fita tsakar gida na tsaya a bayan rumbu na yi kukana. Allah ya yi mata rasuwa kafin ruwan farko na shekarar. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Shirin yana nan har yanzu, ni ce kuma nake yin sa. Kwanakin baya wani mai haɗa sauti bai zo ba, Injiniya ya zauna a madadinsa, ga furfura ta fara cin kansa. Ranar raina a ɓace yake saboda wata matsalar gida, ban san na fara gudu ba. Sai na ga motsi a bayan gilashi. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannuwa biyu kamar yana riƙe da rariya, ya girgiza, ya sunkuya a hankali ya ajiye ta a ƙasa. Na buɗe baki in ci gaba, sai hawaye suka zubo mini. Shi ma ya juya fuska, ya lalubi maɓalli ya saka kiɗan ƙwarya, ya bar shi yana tafiya har na goge idona na matso kusa da makirufo.